Jarirai 136 na Bukarest: Abin da Riƙo Ya Gyara da Abin da Ya Kasa Gyarawa

A shekarar 2001, a Bukarest, babban birnin Romaniya, an rubuta lambobin jarirai 136 a 'yan guntayen takardu, aka zuba a hula, aka riƙa zarowa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ƙuri'a ta faɗa masa, za a ɗauke shi daga gidan marayu a damƙa shi ga mariƙiya, ya tashi a gida irin na kowa. Wanda ba ta faɗa masa ba, ya ci gaba da kwana a gadon da yake. Rabi da rabi aka yi, 68 nan 68 can, sai dai 'yan'uwan da suka fito ciki ɗaya ba a raba su ba. Ƙaramin cikinsu watansa 6, babban kuwa 31.

Masana uku daga Amurka ne suka jagoranci aikin: Charles Nelson, masanin yadda ƙwaƙwalwar yaro take girma, da Nathan Fox na Jami'ar Maryland, da Charles Zeanah na Jami'ar Tulane, likitan lafiyar tunanin ƙananan yara. Tambayarsu guda ce. In aka fitar da yaro daga gidan marayu aka ba shi gida, me zai dawo masa daga cikin abin da ya rasa, kuma yaushe ne lokaci yake fara ƙurewa? Sun bi yaran nan suna auna su tun suna rarrafe har suka zama samari da 'yan mata. Kafin wannan ba a taɓa gwada riƙo da gidan marayu ta hanyar ƙuri'a ba, shi ya sa har yau duk mai maganar yaran da ke zaune ba a hannun iyayensu ba sai ya biyo ta Bukarest.

Yadda aka kai ga haka

Nicolae Ceausescu ya hau shugabancin jam'iyyar kwaminis ta Romaniya a 1965. Yana son ma'aikata da yawa, don haka a 1966 ya kafa Doka ta 770, wadda ta haramta wa mafi yawan mata zubar da ciki. Magungunan tazarar haihuwa suka ɓace daga ƙasar, aka kuma ɗora haraji a kan wanda ya haura shekara 25 bai haihu ba. A 1967 yawan haihuwa ya kusan ninkawa. Daga baya, a shekarun 1980, Ceausescu ya ƙudurta sai ya biya bashin ƙasashen waje kaf, sai aka riƙa fitar da abinci waje ana sayarwa, a gida kuma ana raba burodi da kati, ana ɗauke wuta da ɗumama ɗaki a tsakiyar hunturu.

A nan ne gwamnati ta yi zaɓin da ya haifi duk abin da ya biyo baya. Maimakon ta tallafi uwa a ɗakinta, sai ta gina manyan gidaje ta ce wanda ba zai iya ba ya kawo, hukuma za ta rena masa. Likitoci da jami'ai suka riƙa ba iyaye shawarar haka, har abin ya daina zama abin kunya. Mafi yawan yaran da aka tara ba marayu ba ne, iyayensu suna raye, talauci ne ya raba su. In yaro ya kai shekara uku sai a tantance shi. Wanda aka ga lafiyayye a tura shi gidan yara, wanda aka yanke cewa ba zai gyaru ba a kai shi wasu gidaje na can ƙauye, inda yunwa da sanyi da cuta suka kashe da yawa. A 2017 cibiyar gwamnatin Romaniya mai binciken laifuffukan zamanin kwaminis ta shigar da ƙara kan mutuwar yara 771 a uku kawai daga cikin irin waɗannan gidaje: Cighid, da Pastraveni, da Sighetu Marmatiei. Wasu jariran kuma sun kamu da cutar ƙanjamau ta allurar da ba a tsabtace ba da ƙarin jinin da ba a gwada ba.

An harbe Ceausescu ranar 25 ga Disamba, 1989. Da 'yan jarida suka shiga gidajen nan, yaran da ke ciki sun haura 100,000.

Sai dai mai karatu ya lura da abu ɗaya, domin a kansa ne darajar binciken ta rataya. Gidaje shida na Bukarest da aka ɗebo jarirai 136 daga cikinsu a 2001 ba su ne waɗancan kurkukun na 1990 ba. Shekara goma na agaji sun wuce. Akwai abinci, akwai magani, akwai likita, zanen gado a wanke. Wanda ya zo duba gini da rumbun abinci zai sa hannu ya tafi da murna. Abin da babu shi ne mutum guda da yaro zai ce nasa ne.

Ɗaki guda, gadaje a jere, mai reno ɗaya ga jarirai 12 zuwa 15, su ma masu renon suna karɓa-karɓa ne, ta safe daban ta dare daban. Ciyarwa da agogo, wanka da agogo, canjin ƙunzugu da agogo, ba don yaro ya nema ba sai don lokaci ya yi. Masu binciken sun sha faɗin cewa abin da ya fi tayar musu da hankali shi ne shirun da ke ɗakunan. Jariri yakan yi kuka ne domin ya koyi cewa kuka na kawo mutum. In ya yi ya yi ba wanda ya zo, sai ya bari. Za ka tarar da shi kwance yana kallon rufi, ko yana kallon tafin hannunsa, ko ya durƙusa yana jijjiga gaba da baya, yana rarrashin kansa tun da ba mai yi masa. Fiye da rabin yaran suna da irin wannan jijjiga lokacin da aka fara auna su. Ba na ɗora laifin a kan matan da ke aikin ba. Mace ɗaya da hannu biyu, a gabanta jarirai goma sha, iyakar abin da za ta iya shi ne ta tabbatar kowa ya ci kuma ba wanda ya kwana a jiƙe.

Kafin a jefa ƙuri'a an auna kowa, aka kuma samo yara 72 na cikin gari waɗanda ba su taɓa zaman gidan marayu ba, domin a sami abin kwatantawa. A ma'aunin ci gaban fahimta, inda 100 ne matsakaici, yaran gari sun sami kimanin 103, na gidan marayu kimanin 74. Sun fi ƙanƙanta a tsawo da nauyi da faɗin kai. Na'urar da ke auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa ta nuna nasu ya yi rauni. Amma awon da ya fi taɓa ni shi ne na shaƙuwa. Akan sa yaro a ɗaki da wadda ta fi kusa da shi, ta fita na ɗan lokaci, sannan ta dawo, a ga yadda zai yi. Yaron da ya san yana da uwa yakan damu in ta fita, in ta dawo ya nufe ta, ta ɗauke shi, ya huce, ya koma wasansa. Duk yaran gari sun nuna cikakkiyar shaƙuwa da iyayensu mata. A cikin na gidan marayu, uku cikin ɗari ne kawai suka nuna haka ga mai renon da aka ce ita ce suka fi so. Wasu ko ɗaga kai ba su yi ba, da fitarta da dawowarta duk ɗaya.

Riƙon da aka gina

A wancan lokaci riƙo na hukuma kusan babu shi a Bukarest, kuma jami'ai da yawa sun fi amincewa da gidan marayu. A ganinsu can akwai likita da tsari, gidan baƙo kuwa wa ya san abin da za a yi wa yaro? Wannan tsoro ba na banza ba ne, kowa ya san ana cutar da 'ya'yan riƙo. Saboda haka sai da masu binciken suka gina riƙon da kansu, da kuɗin Gidauniyar MacArthur da haɗin gwiwar wata ƙungiya mai suna SERA Romaniya.

Sun yi cigiya, suka tantance, suka horar, suka ɗauki gidaje 56. Ana biyan mariƙiya albashi, ana ba ta kayan da yaro ke bukata. Sannan aka ɗauki ma'aikatan jin daɗin jama'a da aikinsu ke nan, su riƙa zagaya gidajen, da farko kowane mako, daga baya a ɗan tsawaita. Su ma ma'aikatan ba a bar su su kaɗai ba, duk mako suna tattaunawa da ƙwararru na Tulane kan yaron da ya ƙi barci, ko mai cin abinci ba ƙoshi, ko mai firgita da duk wani sabon abu, ko mai duka da cizo. Ana kuma haɗa mariƙan su zauna su ji ta bakin juna.

Akwai abin da aka nema daga matan nan wanda ya saɓa wa yadda ake koyar da mariƙa a wurare da yawa. Sau da yawa akan ce wa mariƙiya kada ta saki zuciya da yaron, tun da wata rana za a karɓe shi. A Bukarest cewa aka yi ta riƙe shi kamar ita ta haife shi, ta sa a ranta cewa zama ne na dindindin. A ganina wannan ne ƙashin bayan shirin gaba ɗaya, kuma shi ne abin da ake yawan mantawa in ana ambaton sakamakonsa. Abin da aka gwada ba kowane irin riƙo ba ne. Riƙo ne da aka zaɓi mai yinsa, aka biya ta, aka tsaya mata, aka ba ta izinin ta so yaron.

Abin da aka gani

Sakamakon farko mai ƙarfi ya fito a mujallar Science a 2007. Da yaran suka kai wata 54, wato shekara huɗu da rabi, matsakaicin makin basira na waɗanda aka bari a tsarin hukuma 73 ne, na 'yan riƙo 81, na yaran gari 109. Lambobin nan suna faɗin abu biyu a lokaci guda. Riƙo ya ɗaga yaran, kuma tun da ƙuri'a ce ta raba su, ba wanda zai ce ai dama masu wayon aka zaɓa. Amma tazarar da ke tsakanin 81 da 109 ta fi wadda ke tsakanin 73 da 81 nisa ƙwarai.

Da aka duba 'yan riƙon su kaɗai, sai shekarun shiga gida suka yi magana. Waɗanda aka kai kafin su cika wata 24 sun fi waɗanda aka kai bayan haka, a basira da shaƙuwa. A wata 42, kusan rabin 'yan riƙo sun sami shaƙuwa mai natsuwa da mariƙansu, alhali a ɗaya rukunin ba su kai ɗaya cikin biyar ba. A harshe ƙofar ta fi saurin rufuwa, domin waɗanda suka shiga gida kafin wata 15 su ne maganarsu ta kamo ta sa'o'insu. Motsin lantarkin ƙwaƙwalwa kuwa, da aka sake aunawa suna shekara 8, na waɗanda aka kai kafin shekara biyu ya yi daidai da na yaran gari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma binciken ya nuna ba rana ɗaya kowane reshe yake bushewa ba, kuma ko waɗanda aka kai a makare sun amfana.

Akwai wani gwaji mai sauƙi da aka yi musu a wata 54. An shirya da mai kula da yaro cewa wata baƙuwa za ta ƙwanƙwasa ƙofa. In an buɗe, baƙuwar ta dubi yaron ta ce ya zo su tafi, tana da abin da za ta nuna masa. Yaran gari kusan dukkansu sun noƙe, sun waiwayi uwa. A cikin waɗanda suka taɓa zaman gidan marayu, ɗaya cikin uku ya bi ta, bai ko waiwaya ba. Masu ziyartar gidajen marayu sukan ji daɗi in yara sun rugo sun rungume su, su ce yaran akwai son mutane. Ba son mutane ba ne. Yaron da ba shi da nasa ne yake ɗaukar kowa a matsayin nasa, kuma irin wannan yaro shi ne ya fi sauƙin faɗawa hannun mugu.

Wasu raunukan riƙo bai warkar ba. Rashin natsuwa da kasa mayar da hankali sun bi yaran rukunin biyu har girma. Tsawo da nauyi sun dawo, faɗin kai bai dawo kamar su ba. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna wani sashe nata ya kasance ƙarami ga duk wanda ya taɓa zaman gidan marayu, ko an ba shi riƙo ko ba a ba shi ba, ko da yake jijiyoyin da ke haɗa sassanta sun ɗan farfaɗo ga 'yan riƙo. Wani bincike na daban da Michael Rutter, likitan lafiyar tunanin yara, ya fara a Ingila, kan yara 165 da aka ɗauko daga Romaniya a farkon shekarun 1990, ya zo da makamancin haka. Waɗanda ba su kai wata shida a gidan marayu ba sun tashi kamar kowa. Waɗanda suka wuce haka, da yawansu sun kai shekara ashirin da 'yan kai da matsalolin hankali da mu'amala, duk da gidaje masu hali da suka samu. Amma ɗaya cikin biyar na waɗannan bai nuna wata matsala ba tun daga farko har ƙarshe, don haka ba daidai ba ne a dubi wanda ya tashi a gidan marayu a yanke masa hukunci.

Maganar ƙuri'a

Ba zan wuce wannan ba tare da tsayawa ba. Yara 68 an san inda suke, an san halin da suke ciki, aka riƙa zuwa ana auna yadda suke komawa baya. Mutane da yawa sun soki binciken a kan haka, kuma sukar tana da nauyi.

Hujjar masu binciken ita ce ba su sa ko yaro ɗaya a gidan marayu ba, can suka tarar da su. Kuɗin da ke hannunsu ba zai ɗauki kowa ba, kuma in babu binciken, da duka 136 ne za su zauna. Sun yi alkawarin ba za su hana hukuma fitar da kowane yaro ba, aka kuwa yi ta fitar da su, wasu aka mayar wa iyayensu, wasu aka ba su riƙon gwamnati, wasu 'yan ƙasa suka ɗauke su a matsayin 'ya'ya. Wannan ma yana nufin bambancin da aka auna ya gaza na gaskiya, tun da rukunin da ake kira na gidan marayu da yawansu sun bar shi a hanya. Sannan a lokacin masu iko a Romaniya ba su yarda gida ya fi ba, kuma ba abin da zai motsa su sai hujjar da ba ta da ƙofar musu. Na karɓi wannan bayani a kan 2001. Amma yanzu da amsar ta fito, ba wanda yake da uzurin sake irin wannan gwaji, haka kuma ba gwamnatin da take da uzurin cewa ba ta sani ba.

Romaniya ta sauya doka. Doka mai lamba 272 ta 2004 ta hana sa yaron da bai kai shekara biyu ba a gidan marayu, sai mai naƙasa mai tsanani, a 2014 kuma aka ɗaga zuwa shekara uku. Ba binciken kaɗai ya jawo haka ba, Tarayyar Turai ta matsa lamba sosai kafin ta karɓi ƙasar a 2007. A matakin duniya ma, sashe na 20 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989 ya jero riƙo, da kafala ta shari'ar Musulunci, da ɗaukar yaro a matsayin ɗa, sannan ya ambaci gidan kula da yara a ƙarshe, in ya zama dole. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2009 sun ƙara da cewa ƙananan yara, musamman 'yan ƙasa da shekara uku, a gida ya kamata a rene su, kuma talauci shi kaɗai ba dalili ba ne na raba yaro da iyayensa.

Kada dai a ɗora wa Bukarest kayan da ba nata ba. Jarirai aka gwada, a manyan gidaje masu ƙarancin ma'aikata. Binciken da Kathryn Whetten ta Jami'ar Duke ta fitar a 2009, kan yara 'yan shekara 6 zuwa 12 a Kambodiya da Indiya da Habasha da Kenya da Tanzaniya, bai sami yaran gidajen marayu a bayan marayun da ke zaune cikin dangi ba. A birnin Saint Petersburg na Rasha kuma, da aka rage yawan yara a kowane ɗaki aka tsayar musu da masu reno da ba sa canzawa, yaran sun ci gaba ƙwarai ba tare da sun bar ginin ba. Gidan da ake bautar da ɗan riƙo, a hana shi makaranta, a nuna masa bambanci da 'ya'yan gida, ba shi da wani fifiko don kawai sunansa gida.

Bayan wata 54

Da yaran suka kai shekara huɗu da rabi, tallafin binciken ya ƙare kamar yadda aka tsara tun farko, aka miƙa gidajen riƙon ga hukumomin birnin. Ziyarar ma'aikata ta ragu, shawarar ƙwararru ta mako-mako ta tsaya. A shekarun da suka biyo baya wasu yaran sun ci gaba da zama hannun matar da ta fara karɓarsu, wasu kuwa zaman ya yanke, aka mayar da su wani gida ko wurin dangin da ba su sani ba.

Da aka auna su suna shekara 12, sai rukunin 'yan riƙo ya rabu biyu. Waɗanda ba a taɓa ɗaga su daga gidan riƙonsu na farko ba sun fi ƙarancin damuwa da tsoro da rigima, har a wasu ma'aunai sun kusa kamo yaran gari. Waɗanda aka ɗaga kuwa sun fi kama da waɗanda ƙuri'a ba ta faɗa musu ba tun farko. A shekara 16 ma haka abin ya nuna. Wannan ɓangare ba ƙuri'a ce ta raba shi ba, don haka mai ja zai iya cewa wataƙila yaro mai wuyar sha'ani ne aka fi saurin ɗagawa, kuma da gaskiyarsa a yi hattara. Duk da haka na fi karkata ga cewa ɗagawar kanta tana yin ɓarna. Yaron da ya soma rayuwa ba wanda ke amsa kukansa, ya zo ya yi shekaru yana koyon cewa wannan matar ba za ta tafi ba, sannan rana ɗaya a haɗa masa kayansa.

A takardar ofis, ɗauke yaro daga gida mai kyau zuwa wani gida mai kyau ba asara ba ce, gado ne ya canza, kuma sau da yawa akwai dalilin da za a rubuta: mariƙiya ta manyanta, ko ta yi rashin lafiya, ko wani daga dangi ya bayyana, ko yaron ya shiga shekarun ƙiriniya an rasa mai taimaka mata da shi. Daga cikin waɗannan dalilai akwai waɗanda ba makawa, akwai kuma waɗanda ma'aikaciya guda mai zuwa a kan kari, ko ɗan hutun da za a ba mariƙiyar da ta gaji, za su iya karewa tun kafin a kai ga haɗa kaya. Irin wannan tallafi ne aka yi wa gidajen nan 56 a shekarun farko, shi ne kuma ya ragu bayan wata 54.